Wata uku muka makara: kuɗin da muka tono a bangon ɗakin kakanmu a Garwa ta Kamaru

Ranar da abin ya faru ina butik a kasuwa ina fama da wata waya da ta faɗa ruwa, sai ga kiran ƙanena muryarsa na rawa, wai Yaya ka bar komai ka taho gida yanzun nan, kuma don Allah kar ka gaya wa kowa. Ni dai na ɗauka rasuwa aka yi. Na rufe butik na tare mai moto ko ciniki ban yi ba, ina isa na tarar da Baffa tsaye a kan ɓaraguzan ɗakin Alhaji Kaka ya tattare babbar riga a kafaɗa yana korar yara da carbi, birkila kuma na tsugune gefe ya yi tsuru-tsuru da diga a hannu.

Ɗakin nan tsohuwar shigifa ce ta ƙasa, tun da Alhaji ya rasu a 1999 ba wanda ya ƙara kwana a ciki, an mayar da ita wurin zuba tarkace, tsofaffin tabarmi da kwanuka da wani keken ɗinki da ya mutu. Ruwan Agustan 2024 ne ya kayar da bangon gabas, shi ne Baffa ya ce a ƙarasa rushewa a sa bulo. To ashe akwai alkuki a bangon da aka yaɓe bakinsa da ƙasa aka shafe, kai ka rantse bango ne kawai, digar birkila ta shiga sai aka ji ƙwal. Gwangwanaye biyu irin na madarar gari manya, da jakar fata ɗaya.

Jakar fatar ba sai na daɗe a kanta ba, gara ta gama da ita. Da muka zazzage sai wani abu kamar dusa da gutsattsarin takarda masu launi, ka ga rabin lamba a nan ka ga ido ɗaya na mutum a can. Gwaggo ta ce innalillahi ta juya baya. Gwangwani ɗaya ma tsatsa ta huda gindinsa laima ta shiga, na ƙasan sun manne da juna sun yi baƙi. Amma ɗayan, wallahi tsohon nan ya san abin da yake yi, ya naɗe kuɗin a takardar siminti, ya sa a leda, ya naɗe da ƙyallen atamfa, sannan ya liƙe murfin da danko.

Sai bayan isha'i muka ƙirga, an sakaya ƙofar zaure, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, tocilan waya uku a kan tabarma. Ni da Baffa da Gwaggo babba da ƙanena, Hajiya amaryar Alhaji wadda ita kaɗai ta rage a matansa tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana kallo ba ta ce uffan ba. Akwai 'yan jaka goma-goma, wato sefa dubu goma-goma, shuɗayen nan na shekarun 90 masu hoton mace da ginin banki, guda 64. Akwai wasu 'yan jaka goman manya-manya kamar tafin hannu biyu masu hoton Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a bayansu mutum na huɗa da tarakta, guda 11. Akwai 'yan jaka ɗai-ɗai masu hoton bukka da yarinya mai kitso guda 30, sababbi ƙal kamar yau aka fito da su. Sai damman naira tsofaffi, na Murtala da na Tafawa Ɓalewa da 'yan naira ɗaya, da wasu 'yan takardun fam na Najeriya. Can ƙasa kuma wani ɗan littafi mai bangon fata da rubutun ajami, da takardar jaka biyar guda ɗaya a tsakiyarsa mai hoton wani mutum da ba mu gane ba. Littafin muka ajiye gefe, wa ke ta littafi ga kuɗi a gabansa.

Jaka ɗari shida da arba'in a shuɗayen nan kaɗai. Kafin gari ya waye kowa ya riga ya kashe kasonsa a zuci, Baffa har ya fara tambayar farashin kwanon rufi, ni kuma ina lissafin injin cire gilashin waya da na daɗe ina so. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Da safe na ɗauki shuɗiya ɗaya na sa a aljihu na tafi wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, yana aiki a gishe, wato tagar karɓa da biyan kuɗi, a wani banki. Na ja shi gefe na nuna masa. Ya karɓa ya juya ta, ya dube ni, ya ce nawa gare ku irinta, na ce kaɗan ne. Ya yi wata irin dariya da ba ta yi min daɗi ba, sannan ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce su waɗannan su ake kira jerin 1992, bayansu aka yi na 2002, sannan sababbin da BEAC, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fitar ranar 15 ga Disamba 2022. Da sababbin suka fito sai aka ce daga 1 ga Maris 2023 na 1992 sun daina zama kuɗi, amma an ba da dama a kai kowane banki a canza har ƙarshen Mayu 2023, daga nan kuma sai a ofisoshin BEAC kaɗai har 31 ga Mayu 2024. Daga 1 ga Yuni shikenan, an rufe littafi. Ga shi kuwa a nan Garwa akwai reshen BEAC, ko kuɗin mota ba za mu kashe ba. Na ƙirga da yatsa, Yuni, Yuli, Agusta. Kuɗin nan sun yi shekara ashirin da biyar ko fi suna jira a bango da ransu, sai da suka mutu da wata uku sannan bangon ya faɗi. Da daminar 2023 ce ta kayar da shi da yanzu wani zancen ake. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Na Ahijo kuwa ya ce kar ma in ɓata bakina, waɗannan tun kafin mu shiga firamare aka gama da su.

Da na dawo da labarin Baffa bai yarda ba sai da ya je da kansa, ya dawo ya shige ɗaki ko abincin rana bai ci ba. Ana cikin haka ga birkila ya dawo da wani yayansa, wai ai shi ya tono, a shari'a yana da kaso, wani ya gaya masa dukiyar da aka tono a ƙasa ta wanda ya tono ce a fitar da ɗaya bisa biyar. Dole muka tafi gaban limamin kartiyenmu. Malam ya saurare mu tsaf, ya ce abin da ake cire wa humusi shi ne rikazi, wato binnen mutanen da can kafin Musulunci da ba a san mai shi ba, wannan kuwa an san mai ɗaki an san magadansa, gado ne ba wata magana, amma a ba bawan Allah tukuici tun da bai ɓoye ba, da ya so da ya cusa gwangwani a buhun kayan aikinsa ba wanda ya sani. Gaskiya ne kuwa. Ni kuma na tambaya, Allah gafarta Malam in aka samu mai sayen takardar jaka goma a kan jaka ashirin ba riba aka ci ba? Ya ce tun da hukuma ta kashe ta ba a saye da sayarwa da ita, ta zama haja kamar tsohuwar tasa ko takobi, a sayar yadda aka daidaita.

Dalilin wannan tambayar, ƙanena ya riga ya shiga intanet ya ga wai ana sayar da mai hoton Ahijo da tsada a Turai. A nan ne na tafka wautar da har yanzu ake min tsiya da ita a gida. Na ga wasu sun ɗan yamutse, suna da layin ninki a tsakiya, na ce ai kaya sai da kwalliya. Na hura gawayi na zuba a dutsen guga, na ɗan yayyafa musu ruwa na shimfiɗa hankici na goge guda huɗu, suka miƙe sumul ina ta jin daɗi. Allah ya taimake ni aka kira sallar magariba na tashi, da duka goma sha ɗayan zan bi.

Sai muka ɗauki hoto muka sa a Facebook da lambar waya, wannan ma kuskure ne na biyu. Kwana uku wayata ba ta huta ba. Wani ya ce shi wakilin wani Bature ne zai ba da miliyan biyar amma in fara tura jaka hamsin na takardun kwastan ta Orange Money. Wani ya zo har butik da ƙaton agogo da turare mai hawa kai, irin 'yan damfarar nan da ake kira feman da ake ba da labari, wai in ba shi guda uku zai haɗa da wani magani su haihu. Wani dattijo kuma cikin raɗa yake tambayata ko a cikin gwangwanin akwai kwabo mai huji ko wani abu na Jamus, don ka san mutanenmu, tun da Jamusawa suka bar Garwa a 1915 ake cewa sun binne dukiya, har yau akwai masu haƙa a duwatsu. Akwai ma wanda ya ce wani malaminsa ke nema za a yi aiki da su. Na goge hoton, amma magana ta riga ta zaga kartiye cewa gidan Alhaji an tono miliyoyi, har masu zuwa rance aka samu.

Hanyar gaskiya ta wurin wani kwastoma ta zo, direban babbar mota da nake gyara wa waya. Ya ce akwai wani tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya a Ngaundere, Bafulatani ne amma Hausa a bakinsa kamar Bakano, ba abin da yake tarawa sai tsofaffin kuɗi da kan sarki, ɗansa na Faransa yana sayar masa da wasu. Na kira shi, abin da ya fara ce min ko gaisawa ba mu gama ba, ɗana kar ka wanke, kar ka goge, kar ka sa salatif, kar ka ɓamɓare waɗanda suka manne. Na yi shiru. Ya ce ka riga ka goge ko? Na ce guda huɗu ne kawai Baba. Ya ce la'ilaha illallahu.

Ya sa na samo littafi mai kauri na jera su ɗaya-ɗaya tsakanin farar takarda, na ɗaure a jakar goyo na rungume a ƙirji, na hau bas ɗin asuba. Duk shingen da aka tsaya gabana sai ya faɗi duk da na san ba kayan sata na ɗauko ba. Muka haye falez, hawan dutsen nan na hanyar Ngaundere, iska ta canza, mutumin Garwa dai da ya isa Ngaundere sai ya nemi rigar sanyi.

Ɗakin tsohon nan kansa abin kallo ne, albam-albam a kabad kamar na hotunan biki, kowace takarda a rigarta ta roba da ɗan rubutu a ƙasa. Ya wanke hannu ya goge sosai kafin ya taɓa, ya kunna fitilar tebur ya ɗauko gilashin ƙara girma. Yadda yake duba takarda ɗaya sai da na ƙosa. Ya ɗaga ta a haske ya ga hoton ruwan da ke ciki, ya kwantar da ita ya karkata fitila ta gefe yadda duk wani ninki zai fito da inuwarsa, ya duba kusurwoyi huɗu ko sun dakushe, ya kaɗa ta kusa da kunne ya ji ƙararta. Ba tare da na nuna ba ya zare huɗun nan da na goge ya ware su gefe. Ya ce shafa nan, na shafa wadda ban taɓa ba na ji rubutun da layukan rigar Ahijo sun ɗan taso ƙarƙashin yatsa, na shafa tawa na ji sulɓi kamar takardar kalanda, ga wani ƙyalli da bai kamata ba, ninkin kuma yana nan bai tafi ko'ina ba in an karkata haske. Ya ce mai saye ya fi son takarda da tsufanta na gaskiya a kan wadda aka yi wa kwaskwarima, don in ya ga guga sai ya ce me kuma aka ɓoye. Garin neman gira dai na rasa ido.

Ya nuna min wasu 'yan ƙananan huji biyu-biyu a gefen hagu da ban taɓa lura da su ba, ya ce wannan aikin bankunan da ne, allura suke soka wa takardu goma-goma, al'adar Faransawa ce muka gada, kuma kusan duk kuɗin ƙasashenmu na lokacin suna da shi, wanda ba shi da huji shi ne abin nema. Wasu allurar ta yi tsatsa ta bar ɗigo ja. Duk wannan yana rage daraja. Su masu harkar suna da matakai, a Faransanci daga B zuwa TB, TTB, SUP, SPL har zuwa wadda ba ta taɓa shiga hannu ba, Amurkawa kuma maki suke bayarwa daga 1 zuwa 70, akwai kamfanoni irin PMG da aikinsu kenan su duba su ba da maki su rufe takardar a roba. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya ninkawa, takarda iri ɗaya shekara ɗaya.

Na ce to Baba su shuɗayen fa, su ne masu yawa. Ya ce ai yawan ne matsalarsu. Ya nuna min harafin E a jikinsu, ya ce a wancan jerin E Kamaru ce, P Cadi, L Gabon, a na 2002 kuma aka canza Kamaru ta koma U Cadi ta koma C, kuma akwai masu bin harafi-harafi da shekara-shekara da sa hannun gwamnan banki suna cike gurbi, amma nawa duk sun sha hannu, kuma irinsu na nan birjik. Abin da ya faɗa daga nan shi ne ya fi zauna min. Ya ce ku masu tono kuna ganin in kun samu da yawa kun yi arziki, mu kuwa in muka ji an tono tari gabanmu faɗuwa yake, don takardar da jiya guda biyar aka sani a duniya yau ta zama ɗari biyu, wanda ya saya da tsada ya yi asara. Shi ya sa dila mai wayo in ya sayi tari ba ya fito da shi gaba ɗaya, ɗaya-ɗaya yake saki cikin shekaru. Ya buɗe albam ya nuna min fam ɗin Biyafara, ya ce dubi wannan, ƙasar ma ba ta kai shekara uku ba, kai ka ce zai yi tsada, amma bayan yaƙi an samu damman da ba a taɓa kashewa ba masu yawan gaske, har yau da kuɗin shayi da burodi sai ka sayi ɗaya.

Amma kuma wani tarin labarinsa ake saye ba takardar ba. Ya ba ni labarin wani mutum a Amurka da ya yi fashin jirgin sama a 1971, aka ba shi dala dubu 200 ya diro da laima ba a ƙara ganinsa ba, sai a 1980 wani yaro yana wasa a bakin kogin Columbia ya tono dala 5,800 daga cikin kuɗin duk sun ruɓe, da aka yi gwanjon guda 15 a 2008 suka tashi wajen dala dubu 37. Na ce dala tamu ta sefa biyar? Ya yi dariya har da tari. Ya ce ruɓaɓɓun naka da gara ta ci da a ce wani shahararren ɗan fashi ne ya binne su da ka yi kuɗi, amma kakanka mutumin kirki ne.

'Yan jaka ɗai-ɗai ɗin nan talatin su suka faranta masa rai, don lambobinsu a jere suke ɗaya na bin ɗaya, alamar daga banki suka wuce gwangwani kai tsaye. Sai kuma na zaro ta cikin littafin ajami, na ce wannan ma ga ta ban san ko waye ba. Tsohon nan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce Tombalbaye ne, shugaban Cadi na farko, wanda sojoji suka kashe a Afrilun 1975. Ya ce a da kowace ƙasa da sunanta da hoton shugabanta a kuɗinta duk da banki ɗaya ne kuma ana karɓa ko'ina, shi ya sa za ka ga kuɗin Cadi ko na Bokassa shugaban Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a kasuwar Garwa, sai daga jerin 90 ɗin nan aka mayar da su iri ɗaya harafi kawai ya bambanta. Ita wannan ba ta daɗe tana yawo ba mai hoton ya faɗi, ga Cadi ta shiga yaƙe-yaƙe, ba kowa ya adana ba. Ninki ɗaya ne da ita, littafin ya kare ta. Ya ce zai ba da jaka ɗari da hamsin.

Ban ɓoye masa ba na ce na ga farashi a shafukan saye da sayarwa na intanet, eBay da Delcampe, sun fi abin da yake faɗa. Bai ji haushi ba, ya ce buɗe wayar, kar ka dubi abin da mai kaya ya yi wa kuɗi, kowa na iya rubuta miliyan, nemo wurin da ake nuna wanda aka riga aka saya. Muka duba tare, farashin ya sauko sosai. Ya ce sannan cire kuɗin aikawa, cire kason masu shafin, cire watannin da za ta yi ba a taya ba, ni ma kuma ba sadaka na buɗe ba. Na san ya ci riba a kaina, ba na ko shakka, amma aƙalla a gabana ya yi lissafinsa.

Na kira Baffa na sa a sifika. Aka daidaita na Ahijo bakwai a jaka ashirin-ashirin, huɗun da na goge jaka takwas-takwas, 'yan jere talatin a jaka biyu da rabi kowace, ya zaɓi shuɗaye goma mafi kyau su ma jaka biyu da rabi, fam da 'yan nairorin da ya tsinta jaka goma sha uku. Jimla jaka 285. Da aka zo kan ta Cadi Baffa ya ji ɗari da hamsin sai ya ce a'a, in har wannan ya ba da haka to akwai mai ba da ɗari uku a Yawunde, dawo min da ita. Tsohon ya yi murmushi ya sa min ita a rigar roba kyauta, ya ce ko ba ka sayar min ba kar ka bari ta lalace.

Bayan na dawo ne aka tuna da littafin. Muka kai wa Malam don cikinmu ba mai iya karanta hannun Alhaji, rubutun ƙanana ne ga tawadar ta koɗe. Lissafin fatauci ne, goro da atamfa da gishiri, duk da dala yake ƙirga sefa, wane na Mubi dala kaza, wane na Pitowa ya biya. A wani shafi ya rubuta adadin naira, a gefe ya sa an rufe hanya. Nan ne Hajiya da ba ta tanka ba tun ranar farko ta buɗe baki. Ta ce shekarar da Buhari ya canza launin kuɗi ce, 1984, Alhaji ya dawo daga Yola da cinikin kaya bai daɗe ba sai aka ji a rediyo an rufe iyaka an ba mutane kwanakin da ba su kai sati biyu ba su canza. Ya tafi ta Gashiga ya kwana biyu ya dawo da kuɗinsa a ɗaure a ƙugu. Ga shi a watan ne aka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, duk ɗan arewa a tsorace yake ba mai son a gan shi da wata harka. Ta ce kwana uku bai yi magana da kowa ba, daga nan bai ƙara yarda da naira ba, da bankuna suka yi ta rufewa da kuɗin mutane daga baya kuma ya ce kun gani, da aka karya darajar sefa rabi a Janairun 1994 ya ce duk ɗaya ne, gara bango. Na Ahijo kuwa ta ce ba mantuwa ya yi ba, yana sane ya ƙi canzawa, wai ɗan garinsu ne. Na ce Hajiya kin san da alkukin kenan? Ta ce ta san yana ajiya, ba ta san ina ba, kuma mace ba ta tambayar Alhaji irin wannan. Shanyewar jiki ta same shi dare ɗaya, bakinsa bai ƙara buɗewa ba har ya cika.

Sai Malam ya kai shafin da takardar Cadi take, inda har ta bar alamarta a jikin takardar littafin. Ya karanta ya sake karantawa. Ajiyar wane mai shanu na Forlami, dala dubu, in ya dawo a ba shi. Da suna da laƙabi, ba zan rubuta su a nan ba. Dala dubu jaka biyar kenan cif. Ba a soke layin ba kamar yadda ya soke sauran da aka biya.

Zauren ya yi tsit. Malam ya ce wannan ba ta shiga gado, amana ce, a nemi mutumin ko magadansa, in an yi iya ƙoƙari ba a samu ba a yi sadaka da ita da niyyarsa. Baffa ya ce to ai jaka biyar aka ba Alhaji, a ware jaka biyar sabuwa a ajiye wa mutumin a sayar da wannan, Malam ya ce da Alhaji ya cuɗa ta da kuɗinsa da sai a ce haka, amma ya ware ta ita kanta ya rubuta suna a kai. Hajiya ta ce ko a bayan ranta ba ta yafe a sa kuɗin takardar nan a rabon da za a ba ta ba. Baffa dai har yau bai gamsu ba, kuma in ka bi ta wani wajen da bai yi kwaɗayin ɗari uku ba da tuni an sayar an cinye.

Sauran aka raba. An cire jaka 25 na mota da abin da na kashe, jaka 20 tukuicin birkila, saura 240. Hajiya ta ɗauki tumuninta jaka 30, Baffa 70, gwaggonni biyu 35-35, kason mahaifinmu Allah ya jiƙansa 70 aka sake rabawa tsakanin Inna da mu huɗu. Ni dai abin da ya shigo hannuna jaka goma sha bakwai da ɗari biyar, ko rabin kuɗin injin bai kai ba. Shuɗaye 54 da suka rage da damman naira suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, na ba 'yata guda biyu tana wasan 'yar kasuwa da su, tana sayar wa ƙannenta tuwon ƙasa a jaka goma.

Ta Cadin tana wurina a rigarta ta roba. Na ba direban nan sunan da laƙabin, yana tambaya a zangon shanu in ya je Kusuri ko ya haye Injamena, an ce akwai wani tsoho a can da ya san mutanen Forlami na da, wato Injamena kafin a canza mata suna, sau biyu ana zuwa ba a same shi ba, wai yana ƙauye wurin 'yarsa. Malamin Ngaundere kuma duk farkon wata sai ya kira, mu gaisa ya tambayi zafin Garwa, sannan ya ce ɗana, Tombalbaye na nan lafiya? In ce yana nan Baba. Ya ce to ka nisanta shi da dutsen guga.